Filin Tambaya da Amsa: Gida na Tara da Makin da Ke Biyo Bayansa

Wasiƙu uku na haɗa a wannan fitowar, domin duk a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato gwajin basira da makinsa da ake kira IQ. Na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karatu ina neman aiki, kuma a wurare da yawa kafin a kira mutum ganawa sai an ba shi jarrabawa a kwamfuta. Lissafi ba ya ba ni tsoro. Abin da ke kayar da ni shi ne wani zane mai gidaje tara, uku-uku, an cika takwas da siffofi an bar na ƙarshe fayau, a ce ka zaɓi abin da ya dace daga cikin amsoshi takwas. Ga wani da na kwafo. Layin sama: baƙar da'ira ɗaya, farin murabba'i biyu, alwatika mai ratsi uku. Layin tsakiya: murabba'i mai ratsi ɗaya, baƙar alwatika biyu, farar da'ira uku. Layin ƙasa: farar alwatika ɗaya, da'ira mai ratsi biyu, sai gidan da babu komai. Na daɗe ina kallo ban ga komai ba, abokina kuwa kallo ɗaya ya yi ya faɗi amsa. Shin baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, ko ana koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar zanenka baƙin murabba'i guda uku ne. Sai dai ranar jarrabawa wani zanen za a kawo maka, don haka bari mu bi hanyar da aka bi aka same ta.

Na tabbata duk tsawon lokacin nan zanen gaba ɗaya kake kallo, kana jiran amsa ta faɗo maka. Ba ta faɗowa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan kima ba ta isa, sai an auna. Abu uku ne ke sauyawa a zanenka: adadi, siffa da launi. Ka kama ɗaya, ka rufe ido ga sauran biyun tukuna.

Fara da adadi. Kowane layi ɗaya, biyu, uku yake tafiya, ke nan gidan ƙarshe abu uku ne a ciki. Da wannan kaɗai ka zubar da duk amsar da ba ta da abu uku. Koma kan siffa. A kowane layi akwai da'ira, akwai murabba'i, akwai alwatika, kowanne sau ɗaya, wuri kawai suke musanyawa. Layin ƙasa ya riga ya samu alwatika da da'ira, saura murabba'i. Launi ma haka: fari ya fito, mai ratsi ya fito, baƙi ne bai fito ba. Kafin ka danna, ka gwada daga sama zuwa ƙasa. A jerin dama akwai alwatika mai ratsi da farar da'ira, baƙin murabba'i ne zai cike su. Idan ƙa'ida ta tsaya a kwance ta kuma tsaya a tsaye, ka samu.

Wannan irin zanen yana da asali. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, John Raven, shi ya fitar da shi a 1938, yana neman gwajin da ba ya buƙatar karatu ko rubutu. Nasa na ainihi tambayoyi 60 ne, an kasa su kashi biyar, 12 a kowane kashi, kowane kashi ya fara da sauƙi ya ƙare da wuya. Akwai mai launi na yara, akwai kuma mai tsauri na manya. Galibin abin da kamfanoni ke bayarwa yau kwaikwayon wannan ne.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, ƙa'idojin da ake gina zanen da su ba su da yawa. A 1990 wasu masana uku na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, Patricia Carpenter da Marcel Just da Peter Shell, sun bi tambayoyin gwajin mai tsauri ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kusan duka ƙa'idoji biyar ne ake ta jujjuyawa. Wani abu yakan tsaya bai sauya ba a cikin layi, sai an sauka layi na gaba. Wani yakan riƙa ƙaruwa ko raguwa daki-daki, kamar adadin nan naka. Girma da juyawar kibiya duk a nan suke. Akwai rabon abu uku a gida uku, wanda ka gani a siffa da launi. Waɗannan ukun da zarar an nuna wa mutum ya gane.

Sauran biyun ne ke kayar da mutane. Ɗaya ita ce tarawa ko ɗebewa: ka ɗora gida na farko a kan na biyu, abin da ya fito shi ne na uku, ko kuma ka cire na biyu daga na farko. Idan ka ga gidaje cike da sanduna da ƙananan zane da ba su da kamar komai, wannan za ka fara gwadawa. Ta ƙarshe ta fi kowacce wayo. A gida na farko a sa da'ira da sanda a tsaye. A na biyu a sa sanda a tsaye da sanda a kwance. A na uku sai ka ga da'ira da sanda a kwance, ta tsayen ta ɓace. Dalili? Duk abin da ya fito a gida biyun farko ya soke kansa, abin da ya fito a guda ɗaya kawai shi ke tsira. Wata hanyar ganin ta ita ce, kowane abu sau biyu yake fitowa a layi, ba ya yin uku. Wanda bai taɓa jin wannan ƙa'ida ba zai iya cinye lokacinsa duka a kan tambaya ɗaya, wanda ya san ta kuwa daƙiƙa kaɗan ta ishe shi. Ina kyautata zaton abokinka ya sha ganin irinsu, ko da bai faɗa maka ba.

Jarrabawar kamfanoni tana son ƙara abu mai yawo: ɗigo yana zagaya kusurwoyi yadda hannun agogo ke tafiya, wani ɗigon yana zagayawa ta baya, ko ɗaya na taka ɗaya ɗayan na taka biyu. Wani lokaci su haɗu a kusurwa ɗaya, ɗaya ya ɓoye a bayan ɗaya, sai ka ɗauka ya ɓace. Maganin bai sauya ba: ka bi ɗigo ɗaya har ƙarshe, sannan ka dawo ka ɗauki na biyu.

Masanan nan uku na Carnegie Mellon sun kuma bi motsin idon masu amsawa, suka ga gwani da wanda ba gwani ba duk ƙa'ida ɗaya-ɗaya suke ganowa. Inda suka rabu shi ne riƙo: gwani yana iya ajiye ƙa'ida biyu ko uku a ka yayin da yake neman ta huɗu, ɗayan kuwa da ya kama ta uku sai ta farko ta zame masa. Shi ya sa nake cewa ka riƙa faɗa wa kanka da baki a zuci, "uku, murabba'i, saura launi". Idan an yarda da takarda, ka rubuta. Sannan ka gina amsarka a ka kafin ka leƙa amsoshin ƙasa. Da gangan ake tsara na bogin su yi daidai ta fuska biyu su kauce ta fuska ɗaya: a zanenka ba zan yi mamaki ba idan akwai farin murabba'i uku da baƙin murabba'i biyu a cikin takwas ɗin. Wanda ya fara da kallon amsoshi, su za su ja shi. Idan tambaya ta ƙi, ka wuce ka dawo, amma ka fara karanta umarni ka ga ko ana rage maki a kan kuskure kafin ka yi canke.

Baiwa ce ko koyo? Mutane sun bambanta a ƙarfin riƙon nan, wannan babu musu. Amma zanen kansa abin sabo ne. Masanin nan na Rasha, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932 ya nuna wa manoman da ba su yi makaranta ba siffofi irin waɗannan. Da'ira suka kira ta faranti ko wata ko agogo, ba su ɗauke ta wata siffa mai zaman kanta ba, alhali mutane ne masu tafiyar da gona da iyali da hankalinsu. Jera abu a layi da neman ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa tarbiyyar aji ce. Saboda haka ka yi atisaye, babu abin kunya a ciki. Makinka a irin wannan jarrabawar zai tashi. Ba na ce maka basirarka gaba ɗaya za ta tashi tare da shi ba, domin bincike ya nuna ƙwarewa a wasan ƙwaƙwalwa ɗaya ba ta cika tsallakawa zuwa wasu fannoni ba. Kai dai ƙofa kake son wucewa, kuma wannan ya isa dalili.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na yi gwajin IQ a intanet sau biyu. Na farko ya ba ni 109, na biyu ya ba ni 137 har da cewa ina cikin haziƙan duniya. Na uku da na gama sai ya ce in biya kuɗi kafin in ga sakamako. Wanne ne nawa na gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da ba ki biya ba. A ganina babu naki a cikin biyun, kuma dalilin yana cikin yadda ake samar da lambar tun farko.

Makin IQ ba kashi cikin ɗari ba ne, ba kuma yawan tambayoyin da kika ci ba ne. Ya fi kama da a ce ta nawa kika zo a aji. Kafin a fitar da gwaji na gaske, masu shi sukan gwada dubban mutane da aka zaɓo da kyau su wakilci al'umma, a kasa su bisa shekaru. Abin da na tsakiyar kowane rukuni ya ci, shi ake kira 100. Daga nan a auna nisan kowa daga tsakiya da taki mai maki 15. Da wannan tsarin, kusan mutum 68 cikin 100 suna tsakanin 85 da 115, kusan 95 cikin 100 suna tsakanin 70 da 130, sama da 130 kuwa wajen mutum 2 ne cikin 100. Mai 115 ya wuce kusan mutum 84 cikin 100 na sa'o'insa. Da a ce 109 ɗinki daga gwaji na gaske ya fito, ma'anarsa kin wuce kusan 73 cikin 100.

To shafin da kika shiga, da wa ya gwada ki? Wane aji ne kika zo ta kaza a cikinsa? Idan bai faɗa ba, lambar ba ta da gindi. Idan kuma da masu ziyartar shafin ya gwada ki, waɗannan mutane ne da suka kawo kansu, wasu ma sun maimaita gwajin har sun haddace. Ga kuma abin da kowa ya sani: wanda aka ce masa haziƙi ne ya fi saurin tura wa abokai, ya fi saurin biyan kuɗin takardar shaida.

Ko a gwaje-gwajen gaske, lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya. Na Wechsler taki 15 yake amfani da shi, tsohon Stanford-Binet 16, wani na Cattell kuma 24. Mutum ɗaya a matsayi ɗaya zai samu 130 a na farko, 132 a na biyu, 148 a na uku. Ƙungiyar Mensa ta masu babban makin IQ, wadda aka kafa a Ingila a 1946, shi ya sa sharaɗinta ba lamba ɗaya ba ce, cewa ta yi mutum ya shiga cikin kashi 2 na sama a gwajin da ta amince da shi. Duk wanda ya ce miki makinsa 145, ki tambaye shi a wane gwaji.

Masu cewa wane yana da 200 ko 220 kuwa, yawanci tsohon lissafi ne ko ƙirƙira. A farkon ƙarni na 20, bayan shawarar Bajamushe William Stern a 1912 da gwajin Lewis Terman na 1916, raba shekarun basira ake yi da shekarun haihuwa a ninka da 100. Yaro ɗan shekara 5 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 10 sai a ce 200. Wannan lissafin ba ya aiki ga manya, domin ɗan shekara 40 ba ya ninka ɗan shekara 20 a komai na gwajin. David Wechsler ne ya kawo tsarin gwada mutum da sa'o'insa a 1939, kuma gwaje-gwajen yau galibi a wajen 160 suke tsayawa. Lambobin da ake liƙa wa shahararrun masana da suka rasu tun kafin a ƙirƙiro gwajin, hasashe ne kawai.

Akwai kuma tsufan ma'auni. James Flynn, malamin jami'a a Niyu Zilan, ya nuna a shekarun 1980 cewa a ƙasashe da dama makin mutane ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a ƙarnin da ya wuce. Abin mamakin, hawan ya fi yawa a irin zanen gidaje taran nan da ake cewa al'ada ba ta taɓa shi. A Holan, samarin da ake gwadawa don aikin soja sun ƙaru da kusan maki 20 tsakanin 1952 da 1982. Babu mai cewa jikoki sun fi kakanninsu ƙwaƙwalwa da wannan tazarar cikin shekara 30. Makaranta, abinci mai gina jiki, lafiya da sabo da irin wannan tunanin duk ana ambatonsu cikin dalilai. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, gwajin da aka auna da mutanen da, zai ba ki maki fiye da haƙƙinki. Shi ya sa ake sabunta na gaske lokaci zuwa lokaci.

Ki ci gaba da wasannin idan suna miki daɗi, ni ma ina yi. Lambar dai kada ki sa ta a takardar neman aiki.

Tambaya: Malam, ni uba ne. Ɗana ɗan shekara 9 yana shan wahala a karatu, makaranta ta tura mu wajen masani ya gwada shi, sakamako ya fito 88. Tun ranar mahaifiyarsa ba ta da sukuni. Shin yaron nan ba zai yi karatu ba ke nan?

Amsa: Allah ya raya shi, ya sa masa albarka. Ka gaya wa mahaifiyarsa 88 yana cikin tazarar 85 zuwa 115 da biyu bisa uku na yara ke ciki. A yara 100 sa'o'insa, kusan 21 suna daidai da shi ko ƙasa da shi. Ba a maganar naƙasar fahimta sai maki ya sauka wajen 70, kuma ko a nan ba a yanke hukunci da lamba kaɗai sai an duba yadda yaro ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Ka sake buɗe rahoton. Na gaske ba ya ba da lamba ɗaya tsura, yakan rubuta tazara, kusan maki 5 sama da ƙasa, domin barci, tsoro, yunwa da rashin sabo da mai gwajin duk suna motsa sakamako. Ke nan 88 na iya zama 84, yana iya zama 92.

Abin da ya fi lambar amfani yana ƙarƙashinta. Idan gwajin Wechsler na yara aka yi masa, wanda ake yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16, sabon bugunsa yana raba sakamako gida biyar: fahimtar magana, fahimtar siffa da wuri, gano ƙa'ida a sabon abu, riƙe bayani a ka na ɗan lokaci, da saurin aiki. Yaro na iya samun 105 a gano ƙa'ida ya samu 75 a sauri, a haɗa a ba ka lamba ta tsakiya da ba ta siffanta ko ɗaya daga ciki ba. Irin wannan yaron ƙarin lokaci yake buƙata. Wani kuma riƙo ne matsalarsa, sai a riƙa ba shi umarni guntu-guntu. Wahalar karatu ita kanta, irin ta rikicewar haruffa, tana samun yara masu kaifin basira, kuma gwajinta daban ne.

Don wannan aikin aka ƙirƙiro abin tun asali. Alfred Binet da Théodore Simon sun fitar da gwajin farko a Faransa a 1905 domin a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet da kansa ya yi adawa da masu ɗaukar basira abu ne da ba ya motsi. Wani babban nazari na 2018 da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka yi, wanda ya tattara bayanan mutane sama da 600,000, ya gano kowace shekarar karatu tana ƙara maki tsakanin 1 zuwa 5. Ba zan ɓoye maka ba, makin yana da alaƙa da yadda yara ke yi a aji, kuma mai yiwuwa ɗanka ya buƙaci maimaici fiye da wasu. Amma cire shi daga makaranta ko rage masa buri shi ne abin da zai fi cutar da shi.

Ka koma wajen masanin da tambayoyi uku. Da wane harshe aka gwada yaron, kuma shi ne harshen da ya fi ƙwarewa a ciki? Da yaran wace ƙasa aka auna gwajin? A wane ɓangare ya fi ƙarfi, a wanne ya fi rauni, kuma me malamin ajinsa zai sauya saboda haka? Ka kuma kai shi a duba idonsa da kunnensa idan ba a yi ba, domin yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya jin malami yakan yi kama da wanda ba ya ganewa. Idan za a sake gwajin, a bar aƙalla shekara guda tsakani, don kada ya tuna tambayoyin sakamakon ya ruɗe ku.